Wutar Rumfar Awakin Baba

Baba ya zo mana Minna ne a bayan wata motar ɗaukar kaya, yana zaune a kan buhun dawa, awakinsa sun kewaye shi. Damina ta fara ke nan. Ina cikin ɗakin ɗinkina na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, na leƙa ta taga, sai na ga wani tsoho ya ba ni baya yana ƙoƙarin saukowa, ƙafarsa tana laluben taya. Sai da ya waiwayo na gane mahaifina ne. Ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa.

Ƙauyenmu yana can bayan Kuta. Tun da 'yan bindiga suka fara shiga yankin muke roƙonsa ya taso, yana ƙi. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, yayana kuma ya riga ya kwashe iyalinsa zuwa cikin Kuta, suna cunkushe a ɗakin haya. Abin da ya faru a makon da Baba ya yarda ya taso, har yau bai faɗa mini duka ba. Na dai san rumbunsa ya ƙone, kuma awakin sun tsira ne don ranar suna can bakin rafi suna kiwo.

Gidanmu a Ƙetaren Gwari ba shi da wani fili. Maigidana, wanda ke sayar da kayan babur a kasuwa, ya kira wani abokinsa kafinta suka kafa rumfa a baya, jingine da bangon ɗakin ɗinkina. Ginshiƙan katako, rufin kwano, sai rabin bango na bulo da ya kai ƙugun mutum. Ta taga ina iya ganin cikinta in na ɗaga kai daga kan keken ɗinki.

Da farko mun riƙa sakin awakin da safe, kamar yadda suka saba a ƙauye. Ba a daɗe ba maƙwabciyata ta shigo. 'Yar Bida ce, tana sayar da shinkafa, kuma a ƙofar gidanta take shanya wadda ta turara. Ta gaishe da Baba har ƙasa, sannan ta ja ni gefe.

"Maman yara, ni ban zo faɗa ba," in ji ta. "Na san abin da ya koro tsohon nan. Amma jiya na shiga yin salla, kafin in fito sun hau shanyata sun ci, sun tattake sauran. Ki taimaka mini."

Ba ni da abin cewa sai haƙuri. Daga ranar aka tsare su a rumfa.

Ban taɓa sanin abin da akuya ke yi in ta rasa aikin yi ba sai a lokacin. Duk abin da bakinta ya kai sai ta gwada shi. Sun cinye mini gefen zane a kan shanya, sun ja tef ɗin awona ta taga suka tauna, sun gwigwiye katakon ƙofa har ya yi fari. Baba yakan fita da sassafe da lauje ya yanko musu ciyawa a gefen layin dogo, ya haɗa da dusa da ɓawon doya da nake tara masa. Duk da haka da sun gama ci sai su koma neman abin taɓawa. Shi kuwa yana nan tare da su wuni guda a kan 'yar kujerarsa, yana yi musu magana da yarenmu. Da mu ba ya doguwar magana. Da su yake yi.

Babbarsu wata jar akuya ce mai karyayyen ƙaho ɗaya. Ita ta haifi yawancin sauran. Duk inda ta sa kai, nan suke bi. Lokacin tana da ciki.

Maganar wuta ta taso ne bayan Baba ya yi tuntuɓe da kwamin dusa wata rana da magariba, ya fashe ƙauri. Idonsa ya fara rauni, da rana ta faɗi ba ya gani sosai. Ciwon bai gama warkewa ba maigidana ya kashe maciji a cikin harawar da aka tara a kusurwar rumfar. Ya ce ai dole a sa ƙwan lantarki.

Baba ya ƙi. "A can ko fitilar kwano mun daina kunnawa," in ji shi. "Haske ne ke nuna musu gidan da ke da mutane."

"Baba, nan cikin gari ne," in ji maigidana.

"Can ma da gari ne a wurinmu."

Amma washegari da aka zo da waya bai hana ba, ya ɗauki kujerarsa ya koma gefe yana kallo. Aikin ba wani mai wuya ba ne, irin wanda kowane gida ke yi: aka jona wayar a soket ɗin ɗakin ɗinkina, aka fitar da ita ta saman taga, aka bi da ita kan katakon rufi ana dannewa da ƙananan ƙusoshi, aka rataya ƙwan a tsakiya. Makunnin kuma aka kafa shi a jikin ginshiƙin ƙofa, daidai inda hannun Baba zai kai. Da a ɗakin mutane ne, da ya yi shekaru ba abin da ya same shi.

Sannu a hankali Baba ya saba da hasken, har ya zama bayan sallar magariba can yake komawa ya zauna, in akwai wuta.

Abin ya fara ne kamar wasa. Na riƙa ganin ƙwan a kunne da tsakar rana, na ɗauka mantuwa ce ta tsufa. Da na yi wa Baba magana ya ce shi bai taɓa ba. Wata rana ina ɗinki na ɗaga kai, sai ga jar akuyar nan ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta dafa ginshiƙi da na gaba, tana goga hancinta a jikin makunnin. Ƙwan ya kama. Ta sake gogawa, ya mutu. Na yi dariya har na kira Baba ya gani, shi ma ya murmusa, karo na farko tun zuwansa. Sai da na je kusa dariyar ta tsaya. Murfin makunnin ya tsage, wayar da ke fita ta samansa kuma ta jiƙe da yawu. Maigidana ya cire shi ya mayar sama sosai, har sai da Baba ya koma kunnawa da sanda.

Sai kuma ƙwan. Akwai wani bunsuru matashi, baƙi mai farin goshi, wanda ya gano cewa in ya hau kwami zai iya tsalle ya hau rabin bangon, daga nan kuma kansa na kaiwa ga abin nan mai lilo. Da hantsi muka ji tas. Gilashin ya watse cikin dusa. Ni da Baba muka durƙusa muna tsincewa, daga baya muka ga ba zai tsintu ba, muka kwashe dusar duka muka zubar. Baba ya kama su ɗaya bayan ɗaya yana buɗe bakinsu, yana duba harshe da dasashi. Kwana da kwanaki yana bin kashinsu da ido ko zai ga jini.

Aka sayo wani ƙwan, aka rage tsawon wayar ya manne da rufi. Muka ce an gama.

Ba a gama ba. Inda wayar ke fitowa daga tagata akwai ɗan wurin da ta sauko kaɗan kafin ta hau katako. Daga ƙasa akuya ba ta kai wurin. Amma a ƙarƙashinsa ne aka tara harawa saboda nan ne ruwa ba ya bugu. Wata safiya na buɗe taga, sai idona ya faɗa kan jan ƙarfe tsirara yana ƙyalli. An feɗe robar kamar an fere rake. Ranar babu wuta, tun jiya aka ɗauke.

Maigidana ya naɗe wurin da baƙin salatif, muka janye harawar. Maƙwabciyata ta ce a shafa wa wayar barkono da ruwan shuwaka, ɗaci zai kore su. Muka shafa wa ginshiƙi don gwaji. Jar akuyar ta zo ta shinshina, ta yi atishawa, sannan ta lashe shi tas ta tsaya tana neman ƙari.

Abin da ya riƙa hana ni sukuni a kwanakin nan shi ne yadda wutarmu take. Tana zuwa tana tafiya, babu mai sanar da kai. Wayar da babu wuta a cikinta, a wurin akuya ba ta da bambanci da ɓawon itace. Sun tauna, sun sake taunawa, ba abin da ya same su, saboda haka ba su da dalilin jin tsoronta. Da a ce ranar farko ta ɗan ja su, wataƙila da sun kiyaye. Na faɗa wa maigidana haka, ya ce gaskiya ne, zai nemo mai gyaran wuta ya sake aikin gaba ɗaya da zarar ya sami sarari a kasuwa. Kafin nan muka shirya cewa kullum da safe zan zare wayar daga soket, ba za a mayar ba sai magariba lokacin da Baba yake wurin. Haka muka riƙa yi.

Ranar da abin ya faru, ruwa aka tashi da shi. Ya yi ta zuba har bayan azahar, gari ya yi duhu kamar magariba, iska tana kaɗa feshi cikin rumfar, rufin ma yana yoyo ta wani gefe. Yara suna makaranta, maigida yana kasuwa. Na ɗan shiga kicin na ɗora tukunya, na dawo na ci gaba da ɗinki da ƙafa, tunda wuta ta kwana biyu ba a kawo ba. Bayan la'asar ruwan ya tsagaita. Sai na ji yaran unguwa sun ɗauki ihu daga nesa, ihun nan da kowa ya sani, an kawo wuta. Fankar sama ta fara juyawa a hankali.

Sai na ji kuka daga baya. Ba irin kukan akuya da na sani ba ne. Gajere ne, kamar an shaƙe shi a tsakiya. Sannan na ji Baba ya yi salati.

Ban ma tuna da taga ba, na fita a guje na zagaya. Jar akuyar tana tsaye a kan kwamin, wanda suka tura har gindin bango, ƙafafunta na gaba a jikin bulo, wayar a bakinta. Ta sandare, jikinta na karkarwa. Baba yana tsaye babu takalmi a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kama wayar da hannun dama don ya fizge ta daga bakinta. Bai fizge ba, bai kuma saki ba. Wuyansa ya karkace, bakinsa a buɗe, idonsa a kaina.

Na miƙa hannu zan kama rigarsa.

"Kar ki taɓa shi!" Maƙwabciyata ce ta saman katanga. "Kashe wutar! Maman yara, je ki kashe wutar!"

Na juya na koma ɗaki, santsi ya kwashe ni a bakin ƙofa, na rarrafa na kai ga soket. Wayar tana jone. Na fizge ta da ƙarfin da sai da murfin soket ɗin ya biyo hannuna. Kafin in dawo maƙwabciyata ta riga ta shigo da taɓarya a hannu, wadda ta ɗauko don ta doke wayar. Ba a kai ga haka ba. Baba yana kwance a gefe cikin taɓo, akuyar ta faɗo a kusa da shi. Sauran awakin sun cure a kusurwa, ko motsi ba sa yi. Rumfar tana warin ƙonanniyar roba da wani wari da ban so in san na mene ne ba.

Na ɗago kansa ina kiran Baba, Baba. Ya daɗe kafin ya ja numfashi mai ƙarfi. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Wuƙa. Kawo wuƙa."

So yake a yanka ta kafin ta mutu, kada ta zama mushe. Maƙwabciyata ta durƙusa ta taɓa wuyan akuyar, ta duba idonta, ta girgiza kai.

"Baba, sai haƙuri. Ta riga ta tafi."

Ya miƙa hannun hagu ya ɗora a kan cikinta. Na ga kamar cikin ya motsa a ƙarƙashin tafinsa, ko kuwa idona ne, ban sani ba. Ya bar hannun a nan har muka ɗaga shi. A lokacin ne na ga hannun daman. Layin wayar ya kwanta a tafin, fari fat, ya ratsa gindin yatsu.

Maƙwabciyata ta tare mana keke mai ƙafa uku, ta raka mu asibiti da ɗankwalinta a karkace. Aka wanke hannun aka naɗe, aka duba tafin ƙafarsa inda shi ma ya ɗan ƙone. Likita ya ce ba za su sallame shi ba sai sun ga yadda zuciyarsa ke bugawa, don mai shekarunsa ba a wasa da irin wannan. Maigidana ya iso yana haki, ya tsaya a bakin gado. Baba ya dube shi ya ce, "An ba sauran awakin abinci?"

A yammacin nan maigidana ya koma gida, ya ɗauki akuyar a bayan babur ya kai ta bayan gari ya binne. Sannan ya dawo ya tsinke wayar tun daga taga har ƙwan, ya dunƙule ya jefa a bola. Da na dawo ɗaukar wa Baba kaya na sami maigidan zaune a tsakar gida.

"Za a sayar da awakin nan," in ji shi.

Na ce, "In an sayar da su, me Baba zai tashi ya yi da safe?"

"In ba a sayar ba fa? Wata rana gawarsa za mu ɗauko a rumfar nan. Yau ma saura kaɗan. Ke kanki da kin taɓa shi, da yanzu me zan ce wa yara?"

"Su kaɗai suka rage masa, Baban yara. Ka san haka."

"Na sani. Ni ma shi kaɗai nake da shi a matsayin uba."

Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro. Ba mu yi faɗa ba, amma mun ɗauki lokaci muna gaisuwa kawai, kowa yana ganin gaskiyar ɗan'uwansa yana kuma riƙe da tasa.

Da aka sallamo Baba, ya koma kujerarsa, sai dai yanzu a bakin ƙofar rumfar yake ajiye ta, ba ya shiga ciki. Awakin sun yi ta kuka suna leƙen hanya, sun rage cin abinci. Ni na karɓi yankan ciyawa, ban iya ba, ina dawowa da hannu duk yanka. Da magariba Baba yakan ɗauki tocila da hannun hagu ya haska su, tocilar tana suɓucewa tana faɗuwa.

Wata rana ina canza masa bandeji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ni na jona wayar nan."

Na tsaya.

"Kina kicin. Rumfar ta yi duhu, jar akuyar kuma tana ta kai da kawowa, na ce ko haihuwa ce ta zo. Na shiga na jona don in gani. Babu wuta. Na fito, ban cire ba."

Na ce, "Baba, ko ba ranar ba, da wata ranar ce. Wayar ce ba ta dace da wurin ba."

Na ci gaba da naɗin. Can ya ce, "A mayar da wutar."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"A mayar," in ji shi. "Ba na ganinsu da yamma. Kuma duhu ya ishe ni."

Na faɗa wa maigidana. Bai sake tayar da maganar sayarwa ba. Maƙwabciyata ce ta turo mana mai gyaran wutar da ke yi mata aiki, wani mutum mai furfura a gemu wanda kowa ke kira Injiniya. Ya shiga rumfar ya duba sama da ƙasa, sannan ya tambayi Baba ina ne iyakar inda akuya za ta iya kaiwa. Baba ya tashi, ya nuna masa kwami, ya nuna rabin bango, ya ɗaga sandarsa ya taɓa wani wuri a jikin katako. "In bunsurun nan ne, nan. In ya ƙara girma, nan."

Maigidana ya ce a sa wayar cikin bututun roba irin na gini. Baba ya ce roba ai abincinsu ce. Injiniya ya yi dariya ya ce to na ƙarfe za a sa. Wuni guda ya yi yana aikin. Bai bi ta taga ba, ya huda bango can sama kusa da rufi, ya zura wayar cikin bututun ƙarfe, ya ɗaure bututun a jikin katako mafi tsayi, ko'ina babu inda waya ta leƙo. Ƙwan ya sa shi cikin wani rufaffen murfi da ruwa ba ya shiga, ya manne shi da rufi, sannan ya kife masa ragar ƙarfe irin ta fanka ya ɗaure da ƙusa. Makunni kuwa ya fitar da shi daga rumfar gaba ɗaya, ya kai shi baranda, kusa da ƙofar ɗakin Baba. Ya ƙara wani ɗan akwati a ɗakina, ya ce shi zai katse wutar da kansa da zarar ta sami hanyar fita ta jikin mutum ko dabba. Ya kafa wani dogon ƙarfe a ƙasa a bayan rumfar ya haɗa shi da bututun. Kafinta ya zo ya toshe yoyon rufi, ya kafe kwamin a jikin ginshiƙi nesa da bango yadda ba zai turu ba. Harawa aka mayar da ita saman kicin.

Baba ma ya yi nasa. Ya sa aka samo masa dunƙulen kanwa ya ajiye musu suna lasa, kuma kullum sai an rataya musu rassan ganye a ƙasa-ƙasa, na mangwaro ko duk wanda aka samu. Ya ce bakin da ke da abin ja ba ya neman sama.

Da aka kunna, ya sa aka saki bunsurun daga turke, muka tsaya muna kallo. Ya zagaya, ya yi tsalle ya hau rabin bangon ko ba kwami, ya miƙe wuya iya miƙewa. Da sauran tazara. Ya daɗe a haka yana kallon ragar, sannan ya diro. Baba ya gyaɗa kai, ya shiga ciki ya zauna.

Aikin ya yi kyau, amma ni hankalina bai koma yadda yake ba. Duk lokacin da yaran unguwa suka yi ihun an kawo wuta, ƙafata tana tsayawa a kan keke da kanta, in kasa kunne. Kullum da safe kafin in share tsakar gida sai na shiga rumfar na bi bututun da ido daga bango har raga. Kuma ba a banza ba. Wata safiya na tarar wata ƙaramar akuya ta zura kai ta ƙarƙashin ƙofa ta kai ga siririyar wayar da ke haɗe da ƙarfen nan na ƙasa, ta fara fere ta. Injiniya ya ce wannan ba ta ɗauke da wuta sai in an sami matsala, amma duk da haka ya zo ya rufe ta da siminti. Na tambaye shi ko yanzu an gama. Ya ce, "Hajiya, da akuya ba a gamawa. A dai riƙa dubawa."

Hannun Baba ya warke daga waje. Fatar ta haɗe, ta yi tabo mai sheƙi. Amma yatsu biyu na tsakiya sun ƙi lanƙwasuwa, sauran ma ba su da ƙarfi. A asibiti aka koya masa matsa ƙwallon roba, ya yi na ɗan lokaci ya ajiye.

Da kaka ta wuce yayana ya zo daga Kuta. Ya ce mutane sun fara komawa gona da rana, su dawo gari kafin rana ta faɗi, shi ma yana so ya gwada bana. Na ga idon Baba ya canza. Ya yi ta tambayarsa wane ne ya koma, wace hanya ake bi, ko gonar gangare tana nan. Bayan an ci abinci ya tashi ya zagaya baya, inda maigidana ke ajiye fartanyar gyaran kwata. Na bi shi a hankali na tsaya a bakin kicin. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya ɗaga, ya sara ƙasa. Ƙotar ta zame daga hannun daman ta bugi ƙafarsa. Ya sake ɗauka, ya sake sarawa, ta sake zamewa. Ya tsaya yana kallon hannun, sannan ya jingine fartanyar inda ya same ta. Da ya dawo tsakar gida ya ce wa yayana, "Ka je kai. Ka kula da hanya."

Yayana ya koma shi kaɗai. Ba da daɗewa ba Baba da kansa ya ce awakin sun yi wa rumfar yawa, a kai wasu wurin 'yar ƙanwarsa a Chanchaga, inda ke da ciyawa a bakin kogi. Ya zaɓi waɗanda za su tafi, har da bunsurun. Ya bar ƙananan mata, 'ya'yan jar akuyar.

Ranar da za a kai su na fito na same shi a durƙushe yana ƙoƙarin ɗaure wa bunsurun igiya a wuya. Ya danne gefe ɗaya da gwiwa, ya riƙe ɗayan da haƙori, yana zura ƙulli da hannun hagu. Ƙullin yana warwarewa, bunsurun yana ja da baya. Mai keke yana ta danna oda a waje. Na sunkuya zan karɓa.

"Bar ni," in ji shi, igiyar a bakinsa.

Na bar shi. Na fita na ce wa mai keken ya ɗan ƙara haƙuri.